Ranar da Aka Sa wa Ila Takensa

Shekara arba'in da huɗu mahaifina ya yi bai ɗaga wa ɗan'adam hannu ba. Bai taɓa dukanmu ba, bai taɓa dukan mahaifiyarmu Harira ba, ko ɓarawon da aka taɓa kamawa a shagonsa bai mara ba. Mutanen Kurmin Mashi sun san shi da Malam Ila mai gyaran amfilifaya, dogon dattijo mai faɗin kafaɗa wanda ba a jin muryarsa, kuma suna yaba haƙurinsa. Ni Hansai, 'yarsa ta fari, na san ba haƙuri ba ne. Rantsuwa ce ya yi da Alƙur'ani a hannu, da ita yake kwana da ita yake tashi, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar ranar da zai karya ta.

Ɗan mahauta ne daga wani ƙauye a ƙasar Zamfara, kuma a can yaron mahauta in ya tasa dambe yake yi. Guduma ake ce masa. In an gama girbi an share fili, sai a naɗe masa hannun dama da igiya har ya koma kamar kan taɓarya, ya miƙa na hagu gaba, tafi a buɗe, yadda kowane ɗan dambe ke yi don ya kare fuska ya auna abokin karo. Ya zubar wa mutane da haƙora, ya karya haƙarƙari, akwai wanda ya buga sai da aka kwara masa tulun ruwa biyu ya san inda yake. Kowane ɗan dambe yana da takensa, wato kiɗan kalangu da makaɗi ya ware masa shi kaɗai. In aka buga wa mutum takensa jikinsa sai ya ɗau tsuma, ba ya ji ba ya gani sai ya shiga fili. Na Baba ya yi suna har wasu masu ɗaukar waƙa suka je suka ɗauki makaɗin nasa suka buga a faifai. Shi bai taɓa ganin faifan da idonsa ba.

A kakar 1979 aka haɗa shi da Audi, wani abokinsa na ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, wanda tare suka yi kiwo suna yara. Dukansu ba su so ba, amma an buga musu take, jama'a na ihu. A turmi na biyu Audi ya miƙo hagu, Baba ya kauce ya same shi a bayan kunne. Audi ya faɗi ta fuska, jini na fita ta hanci da kunne, ƙafafunsa na shure-shure a ƙasa. Kwana uku ya yi bai yi magana ba, ya cika. Babu wanda ya kai ƙara, dambe ne. Baba ya je gaisuwa, mahaifiyar Audi hannunsa na dama kawai ta yi ta kallo. Ya dawo ya ƙona igiyar, ya yi rantsuwarsa a gaban liman, ya hau motar shanu ya sauka a Kaduna.

Ya yi dako, ya yi gadi. A gadin ne ya faɗa shagon wani tsoho mai gyaran rediyo a Abakpa, Baba Lasisi. Tsohon ya lura in an kunna abu a cikin shago, mai gadinsa yakan ce daga bakin ƙofa, "Wagga tana gurnani ta hagu," a buɗe a tarar haka ne. Sai ya jawo shi ciki ya miƙa masa ƙarfen liƙi da dalma. Yatsun nan manya masu kanta, su suka koyi kama wayar da ba ta kai zare kauri ba. Kafin a haife ni ya buɗe nasa shagon, kuma masu faya-fayai na Malali da Unguwar Rimi sun gano shi.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Muryar da allurar garmaho ke tsintowa daga faifai ƙarama ce ƙwarai, amfilifaya ba ta iya ɗaukarta kai tsaye. Ƙari kuma, masu buga faifai sukan rage nauyin sauti su ƙara masa kaifi don waƙa ta samu wuri a 'yan layukan nan. Dole a samu wani abu tsakanin allura da amfilifaya da zai tada muryar ya maido mata da nauyinta, shi masu sana'ar ke kira fono. Amfilifayoyin zamanin da, da nasu suke zuwa a ciki. Na yanzu da yawa ba su da shi, sai ka nemi wani ƙaramin akwati daban ka haɗa. A kan wannan 'yar magana na ga manyan mutane, tsoffin daraktoci masu jikoki, suna tada jijiyar wuya kamar 'yan tasha. In musu ya ƙi ƙarewa sai a ce a kira Ila.

Yana da yadda yake yanke hukunci. Ba ya zama kan kujera, tabarma yake sa a shimfiɗa masa a tsakiyar ɗaki, ya juya wa kayan baya, ya ce in ido ya ga abu mai walƙiya kunne sai ya bi shi. Da faya-fayansa uku yake zuwa a jakar fata: ɗaya mai karatun labarai, ɗaya mai algaitar Turawa, ɗaya mai goge. Ba ka sa faifai a gabansa sai ya karɓa ya duba rubutun da ke kai. Mutane sun ɗauka tsantseni ne na gwani. Gaskiyar ita ce kalangu yake gudu. In mahauta na kiɗa a bakin titi sai ya canza hanya, biki in da makaɗa ba ya zuwa, ko nawa bikin daga ɗaurin aure ya koma shago.

Ina da shekara goma sha uku na ga abin da rantsuwar nan ke ci masa. Lokacin zaɓe ne, na kai masa abincin rana, sai ga 'yan bangar siyasa su biyar, idanu jajur, suna son manyan lasifiku biyu da ke shagon su kai wurin taro. Baba ya ce ba nasa ba ne, amanar mutane ce. Ɗaya ya shaƙe masa wuyan riga, ɗaya ya zabga masa gora a gadon baya. Na ga kafaɗarsa ta dama ta motsa, na ga yaron da ke gabansa ya ja da baya ba tare da ya san dalili ba. Sai Baba ya mai da hannayensa biyu baya, ya riƙe na dama da na hagu, ya tsaya. Suka yi ta jibgarsa. Suka fasa masa gira, jini ya rufe masa ido, suka sa shi ya durƙusa da bugun gwiwa, bai saki hannun ba. Ina ihu, "Baba ka rama! Baba ka rama!" Sai da maƙwabta suka fito da sanduna sannan 'yan bangar suka watse. Da yamma ina kuka ina cewa ubana matsoraci ne, Inna ta ja kunnena ta zaunar da ni ta ba ni labarin Audi. Mu biyu kaɗai muka sani a duk Kaduna, kuma ta ce kar ya fita daga bakina.

Cikin masu kiransa, babu kamar Alhaji Abdurrahim na Malali. Tsohon injiniyan gwamnati ne, ɗan gajere mai dariya, da faya-fayai sun fi ɗari shida a falo. Shekara talatin suna tare da Baba. Alhaji ne kaɗai ke jan sa da wasa ya kuma samu amsa. Ya san Baba ya taɓa dambe a ƙuruciya, ya san ba ya son kalangu, amma ya ɗauka ustazanci ne, har yakan tsokane shi da hakan. Amfilifayarsa tsohuwa ce mai jikin katako, da fono a cikinta, ya sayo ta tun wani kwas da aka tura shi waje yana saurayi. In yana maganarta sai ka rantse 'yarsa ce.

Ɗansa Suhaib ne ya dawo daga Abuja da sabuwar amfilifaya baƙa da wani ƙaramin akwatin fono, ya ce wa ubansa tsohuwar nan ta gama yayi. Suhaib ba mugu ba ne, na sha gaya wa kaina haka. Irin mutanen nan ne da in sun karanta abu a waya sai su ga kowa jahili ne. Wata guda suna musu, Hajiya matar Alhaji ta gaji ta ce ko a kira Ila ko ta kwashe kayan ta kai bola.

A lokacin yanar ido ta rufe wa Baba gani, sai inuwar mutum yake gani, ana jiran ranar da za a yi masa aiki a asibiti. Ni na ɗauke shi a keke mai ƙafa uku ranar wata Asabar bayan azahar na kai shi. Aka shimfiɗa tabarma, ya juya baya. Suhaib ya riga ya haɗa wayoyi ta wani maɓalli, yadda da taɓawa ɗaya zai mai da garmahon daga wannan zuwa waccan ba tare da ya ɗaga allura ba.

Aka fara da mai karatun labarai. Baba ya saurara, ya ce a canza, ya ce a dawo.

"Ta farko muryar mutum na cikin ƙirjinai," in ji shi. "Ta biyu tana bakin haƙoranai. Ta farko ta hi."

Alhaji ya buga cinya. "Ka ji ko, ɗan zamani! Tsohuwata ce ta farko."

"Abba ka bari a gama mana," in ji Suhaib.

A kan mai goge Baba ya daɗe. Ya ce ta biyu ta fi tsabta, ana jin gashin bakan gogen na cin tsirkiya, ta farko kuma kamar an rufa mata mayafi. Ya ce a cire akwatin daga sabuwar a haɗa shi da tsohuwar, a ji. Suhaib ya yi. Baba ya gyaɗa kai ya ce to yanzu an zo wurin: jikin tsohuwar lafiya lau, fonon da ke cikinta ne ya tsufa, ya daina maido da nauyi yadda ya kamata. Ya ce a bar su haka, maɓallin ya riƙa canzawa tsakanin fonon ciki da akwatin, a sake gwadawa da faifai ɗaya a rufe magana. Ganin an kusa gamawa, na tashi na shiga wurin Hajiya in taya ta ɗauko abinci. Wannan tashin nake ciza yatsa a kai har yau.

Abin da ban sani ba shi ne, Suhaib ya sayi wani kwalin tsoffin faya-fayai a hannun dillali, a ciki ya tsinci ƙarami guda da aka rubuta Ila Guduma a kai. Ya nuna wa ubansa, suka yi murna, suka shirya su ba Baba mamaki. Da idonsa na gani da ya karɓa ya duba ya ce a'a. Yanzu ba ya gani, kuma ya ba su baya.

Ina fitowa da faranti a hannu na ji kalangu. Ta fonon tsohuwar yake fitowa, siriri, kamar kiɗan da iska ta kwaso daga wata unguwa. Ban taɓa jin taken ba, amma ina ganin bayan Baba na gane. Wuyansa ya sandare, ya danna tafukansa biyu a kan tabarma.

"Ku kashe," ya ce. "Alhaji, don Allah ku kashe wanga abu."

Alhaji na dariya. "Kai Ila, yau ustazancin nan sai ka ajiye shi. Naka ne fa!"

"Hansai," Baba ya kira. "Ɗiyata, zo ki hidda ni."

Taku biyar ne tsakanina da garmahon. Da na yar da farantin na fizge allurar, da ba wannan labarin nake ba ku ba. Na tsaya neman inda zan ajiye tuwon mutane, kar miya ta zube a kan kafet.

"Baba Ila, saura ɗaya," in ji Suhaib. "Ka ji shi ta akwatin tukuna." Ya taɓa maɓallin, ya murɗa ƙara.

Wallahi makaɗin ya shigo falon. Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Na ji fatar kalangun, na ji matsar da yake mata a hammata, na ji bugun a cikina, ga ihun mutane a bayansa, ga murya na kiran Guduma ɗan mahauta. Baba ya miƙe ba tare da ya dafa ƙasa ba, mutumin da kullum sai na kama shi yake tashi. Jikinsa na kakkarwa tun daga ƙafa. Ya dunƙule dama ya kai ta bayan ƙugu, ya yi wata kururuwa da ban san tana cikin maƙogwaronsa ba.

"Ni na Guduma! Mai tsaya min shi yi bankwana da gida!"

Dariyar Alhaji ta ɗauke. Ya taso da sauri ya sha gabansa don ya kwantar masa da hankali, ya miƙa hannun hagu, tafi a buɗe, daidai fuskar Baba. "Ila, tsaya, Ila." Duk wanda ya tashi a gidan mahauta ya san ba a yi wa mai tsuma haka, ta baya ake kama shi a rungume. Alhaji ɗan boko ne, a Kaduna aka haife shi, bai taɓa zuwa filin dambe ba. Baba kuma inuwa kawai yake gani, inuwar mutum a gabansa ta miƙo hagu, ana buga masa take.

Ban ga tafiyar hannun ba, ƙarar na ji. Naushin ya sami Alhaji a kunnen hagu. Hularsa ta yi sama, ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya faɗa kan teburin gilashi ya ratsa shi. Farantin ya suɓuce mini. Hajiya ta fito tana salati. Alhaji na kwance cikin fasassun gilashi, ido a juye, jini na bin kunnensa yana shiga wuyan riga.

Suhaib ya yi kan Baba. Ya naushe shi a baki, ya ɗauki kujerar katako ya rafka masa a kafaɗa, ya sake rafkawa har ƙafarta ta karye. Bugun farko ne ya dawo da Baba hayyacinsa. Ya mai da hannayensa baya ya tsaya, leɓe a fashe, yana tambaya, "Wa na buga? Hansai, wa na buga?" Kalangun bai daina ba. Na tsallake gilashin na fizge allurar da ƙarfi har ta yi kuwwa ta tsage faifan, sannan na juya na shaƙe Suhaib ta wuyan riga na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa namiji ba. Hajiya ce ta raba mu, tana cewa mu bar haukan nan mu ɗauki mutum.

Alhaji bai mutu ba. Ya farfaɗo a mota, aka yi masa ɗinki goma sha ɗaya a baya da hannu, aka kwantar da shi. 'Yan'uwa suka ce a kira 'yan sanda, ya ce duk wanda ya kira ba shi ba shi. Ni na je na zauna a gaban Hajiya da Suhaib na ba su labarin Audi daga farko har ƙarshe, abin da Inna ta hana ni faɗa shekara ashirin da huɗu. Suhaib ya sunkuyar da kai yana hawaye. Ban tausaya masa ba a ranar, ba zan yi ƙarya ba.

Baba ya rufe shago. Ya shige ɗaki ya zauna fuskarsa a bango, hannun dama ya kumbura ya ƙi bari a duba. In an kai abinci sai a ɗauko shi yadda aka kai. Ba ya fita sai masallaci, ya dawo. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, liman ya zo ya yi masa bayanin kaffarar rantsuwa, ya ce ya ji. Ya yi azumin, bai sauya ba. Abu ɗaya yake tambayata kullum: Alhaji na magana? Na ce yana yi. Sai ya ce Audi ma kwana uku ya yi.

Rana ta tara Alhaji ya aiko a kawo masa Baba. Baba ya ce ba shi da fuskar zuwa. Na ce in bai tashi ba zan kira matasan unguwa su ɗauke shi kamar buhu, kuma ya san zan aikata. Ya tashi.

Mun sami Alhaji a gida, an sallame shi, yana kishingiɗe a ɗakinsa da bandeji a kai. Baba ya laluba ya durƙusa a gefen gadon, ta hagun Alhaji, ya kasa ɗaga kai.

"Alhaji, na zo ka yi min abin da ka ga dama."

Alhaji bai amsa ba, silin yake kallo. Can ya juyo ya gan mu, fuskarsa ta washe. "A'a, Ila! Yaushe kuka shigo? To ai ba ka gama aikinka ba, malam. Ka bar ni da yaron nan yana cika mini baki. Fonon tsohuwata ko akwatinsa, wanne ya fi?"

Hawaye na bin gemun Baba.

"Akwatin ya hi," ya ce a hankali. "Ka haɗa shi da tsohuwarka, ba ka ƙara neman wani abu. Ka yahe min, Alhaji."

Alhaji ya zuba wa bakinsa ido, yana ƙoƙarin karanta leɓɓansa. Sai ya yi ɗan murmushi, ya dafa hannun nan mai kumburi.

"Zagayo ta dama ka sake faɗa," ya ce. "Wannan kunnen likita ya ce ya tafi."